Jita a Tsakanina da Hajiya

Na kusa shekara hamsin lokacin da na sayi jita. Ranar da na shigo da ita gida, na ɗauro ta a bayan moto, wato babur ɗina, kamar ragon suna, maiɗakina ta dube ni, ta dubi abin da na kwanto, ta ce, "Mushe, furfurar ce ta yi maka kaɗan, ko aikin?" Mushe kowa ke ce mini a unguwarmu, kamar yadda ake ce wa malaman boko a nan da Faransanci, don koyarwa nake yi a wata lakwal ta ƙananan yara a Zinder, ita ma da shi take kirana in tana jin tsokana. Na ce mata motsa yatsu ne, kuma yana da amfani ga mai shekaru. Ta ce surfe ma motsa yatsu ne, ga turmi can a jingine.

Wanda ya jefa ni cikin wannan abokin aikina ne, mai ajin da ke jikin nawa. An taɓa tura shi aiki arewa, ya yi shekaru a can, ya dawo mana da abu biyu: shan shayi mai ɗaci da kaɗa jita. In an tashi yara da yamma sai ya zauna a bakin ajinsa, ya ɗora ta a kan tumbinsa, ya yi ta wani kiɗa mai tafiyar hawainiya, mai jan rai, wanda ya ce sunansa buluz, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka. Ran da na fara tsayawa na saurara sosai na ce masa, "Wannan ai gurmi ne da ya kwana da yunwa." Ya yi dariya har jitar na rawa a cikinsa. Ya ce wa ya sani, ƙila daga nan ya tafi, ya dawo mana sanye da takalmi.

Ya ce abin ba shi da wani sirri mai yawa. Muryoyi biyar ne kacal, masu karatun kiɗa na ce musu fantatonik. Ya kama hannuna na hagu ya kai shi wuyan jitar, wajen gaɓa ta biyar, ya nuna mini inda manuniya za ta danne tsirkiya da inda ƙaramin yatsa zai miƙa. Ya ce, "Nan ne gidanku. Muddin ba ka fita daga gidan nan ba, duk inda ka taka daidai ne. Ba wanda zai rubuta maka abin da za ka kaɗa. Kai za ka ƙago shi nan take, kamar yadda kake ƙago magana." Sannan ya sa mini wani kiɗan rakiya a salula, wanda ke zagayawa yana dawowa inda ya faro, ya ce in riƙa hawa kansa ina yawo cikin muryoyin nan biyar.

Da baki abin da sauƙi. Kan yatsuna suka yi ja, suka yi ƙuna, suka tashi bororo, har riƙe kan moto ya zama mini aiki. Ƙaramin yatsana kuwa ya ƙi ni ƙiri-ƙiri. In na ce ya je can sai ya tsaya a hanya, in ya isa sai ya danne tsirkiyar maƙwabta. Amma a hankali fatar ta yi kanta, na iya hawa da sauka ba tare da na duba ba, sai na ɗauka na iso. Da an kunna kiɗan rakiya sai in kama daga ƙasa in haura sama, in gangaro, in sake haurawa, ba tsayawa ko ta haɗiyar yawu. Ni malamin yara ne, a wurina shiru a aji alamar ana shirya ɓarna ce, saboda haka ba na barin shiru ya samu wurin zama.

Abokina ya jure mini har ya gaji. Wata rana ya dafe tsirkiyoyin da tafin hannunsa ya ce, "Kai kiɗanka irin na mutumin da ya shigo zaure ne ya ce ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina aiki, bai jira an ce masa lafiya ba ya juya ya fita. Faɗi 'yar magana, ka yi shiru, ka bari a amsa maka." Na ce wa zai amsa, ni kaɗai ne ke kaɗawa? Ya ce in dai bar gurbin. Na ce to, na ji. Da aka sake kunnawa na koma gudu na.

Ana cikin haka mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Da mahaifiyata, Hajiya, ta fita takaba, muka zauna da ƙannena, aka ce ta dawo gidana, tunda ni ne babba kuma ni ke da ɗaki a tsakar gida wanda ba sai ta hau matakala ba. Kowa ya ga dacewar haka. Ni kaɗai na san abin da ke cikin cikina, don ni ɗan fari ne.

Wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da nake nufi. Matan zamanin su Hajiya suna kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta zama su yi hira. Na yanzu sun rage, wasu ma sun watsar, amma Hajiya ta riƙe tata kamar yadda ta karɓe ta. Da aka tashi yaye ni, aka kai ni wurin kakata, mahaifiyarta, a Gidimuni, wai in kwana biyu in manta da nono. Kakata ta ce ba ta san zancen mayarwa ba. A can na yi wayo, cikin lambuna da rake da dabino a bakin tafki, ita nake ce wa Inna, sai da na isa shiga lakwal aka dawo da ni Birni wurin mahaifina. Na tarar da wata mace doguwa, mai sanyin tafiya, wadda in na shigo ta wannan ƙofa take samun abin yi a waccan. Aka ce mini ita ta haife ni.

Ba ƙi ba ne, ban taɓa ɗaukarsa ƙi ba. Tsokar da ta fi kowace girma a kwanona take ɓullowa, kuma ba a taɓa sanin wanda ya sa ta ba. Amma ƙannena su ne ke kwanciya a cinyarta, su take yi wa tatsuniya, su take zagi da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ni ko zagin ban samu ba. Ina yaro ni ne "yaron nan". Da na girma na zama "wancan". Da na kama aiki sai ta samu sauƙi, na zama Mushe kamar a bakin kowa.

Da ta dawo gidana, maiɗakina ce ta zama wayar da ke tsakaninmu. Ina zaune, Hajiya na zaune, tazarar da ke tsakani ba ta wuce tabarma guda ba, sai ta ce, "Ki gaya wa Mushe maganin nan na safe yana sa ni jiri." Maiɗakina, da yake ba ta rasa iya shege, sai ta juyo da fuskar gaske ta ce, "Mushe, an ce maganin safe na sa jiri." Ni kuma in ce, "Ki ce mata zan koma wurin likita a canza." Da safe in na durƙusa gaishe ta, takan amsa "Lafiya" tana duban bango, ta ƙara da "Allah ya yi albarka," shi ke nan an rufe. Da ƙanwata ta zo kuwa sai ka ji dariyarsu har waje.

A nan zan faɗi gaskiya, abin yana ci mini rai. Ƙafafun Hajiya sun fara kumbura, hawan jini ya kama ta, idonta ɗaya ya yi hazo. Na binne mahaifina ban daɗe ba, na san yadda abin ke zuwa ba sallama. Ba wani abu nake nema ba illa mu zauna ni da ita mu yi magana, ko sau ɗaya, ba da bakin wani ba, kafin ɗayanmu ya riga ɗaya. Amma ta ina zan faro? Ni ma kunyar ta shige ni tun ina ƙarami. In na buɗe baki a gabanta, bayan gaisuwa ba abin da ke fitowa.

Jitar kuwa tun ran da Hajiya ta tare na kai ta ɗakin ajiya, na cusa ta bayan buhunan hatsi. Dangin mahaifina Barebari ne 'yan kasuwa, masu ji da kansu, a wurinsu kiɗa sana'ar maroƙa ce, ana ba su kyauta a biki amma ba a koyo a wurinsu. Ban so ta ga ɗanta na fari, da furfurarsa, rungume da abin kiɗa ba. Sai in fake da aikin lakwal in tsaya wurin abokina in ɗan taɓa tasa.

Sai ga hutun ƙarshen shekara, ƙanwar maiɗakina ta haihu a Tirmini. Maiɗakina ta kwashi yara duka suka tafi, za su zauna har bayan suna. Da za ta hau mota ta ce mini a hankali, "To, yau waya ta tsinke. Sai ku san yadda za ku yi." Na ce mata Allah ya kiyaye hanya, a raina kuwa kamar in bi motar da gudu.

Gida ya yi tsit. Hajiya ta ce ba mai kawo mata abincin maƙwabta tana da hannu, ita za ta yi girki, amma ba ni ta gaya wa ba, murhu ta gaya wa. Daga nan na gane dabarar da ta ɓullo da ita. In tana son abu sai ta faɗa wa iska. "Da za a samu mai ɗauko itace, da an gode." Sai in tashi in ɗauko. Akwai wata akuya da muke kiwo, ita ta fi shan saƙo. "Ke akuya, masu gidan nan ba su san gishiri ya ƙare ba?" Sai in hau moto in tafi kanti. In dawo in ajiye a bakin madafa in ce, ni ma ina duban akuyar, "Ga gishiri an kawo." Mutum biyu masu hankali, ɗaya ta haifi ɗaya, muna aika akuya. In na shiga ɗaki sai in yi dariya, dariyar kuma ba ta kai mini ciki.

Wata la'asar shirun ya ishe ni. Inuwa guda ce a tsakar gidanmu a wannan lokacin, ta bishiyar dogon yaron da ke kusa da ɗakinta, a nan ta shimfiɗa tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ni ina can gefe a kan 'yar kujera, rana na dukan ƙeyata, don ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba. Na ce a raina, duk abin da za a ce a ce. Na shiga ɗakin ajiya na zaro jitar, na kakkaɓe ta, na ɗaure tsirkiyoyin da suka saki, na dawo kujerata. Ban ko dubi wajenta ba. Ban kunna salula ba, na dai kama gidan nan nawa na gaɓa ta biyar, na shiga hawa da sauka kamar yadda na saba, har da ƙarin sauri don tsoro.

Na jira salati, ko tsaki, ko ta tattara gyaɗarta ta shige ɗaki. Ba ko ɗaya. Ƙarar ɓawon gyaɗa kawai nake ji. Can sai ta ce, da muryar da take yi wa akuya magana, "Kai abin nan, kai ba ka numfashi ne?"

Hannuna ya tsaya cak. Na saci kallonta. Ba ni take duba ba, jitar take duba, da idonta mai kyau.

Ta ce, "Mai niƙa ma in ta tura dutse tana dawo da shi. Faɗi kaɗan, ka huta."

Maganar abokina ce sak, sai dai shi ban ji tasa ba. Na kaɗa 'yan muryoyi huɗu, daga sama zuwa ƙasa, na ɗauke yatsa. Shirun ya yi mini tsawo har na ji kamar in cike shi. Kafin in cike, sai na ji ta amsa. Bakinta a rufe, ta hanci ta yi shi, ta ɗauko daga inda na ajiye ta sauke shi ƙasa a hankali. Na sake kaɗa wani, na tsaya. Ta sake amsawa, hannunta bai bar ɓarar gyaɗa ba. Abin da ya ba ni mamaki, duk inda muryarta ta je, ina samunsa a ƙarƙashin yatsuna. Ba ta fita daga muryoyin nan biyar ba ko sau ɗaya. Abin da na yi watanni ina haddacewa da ƙunar yatsu, da shi ta yi niƙa tun kafin in san kaina.

Mun jima a haka, ni in faɗa, ita ta amsa. In na yi gaggawa sai ta ce, "Abin nan, ina za ka?" sai in rage. Ban taɓa jin daɗin a yi mini faɗa irin na ranar ba.

Sai ta tsaya da ɓarar. Ta karkaɗe zanenta, ta ce wa jitar, "Tunda kana da kunne, bari in ba ka labari. Akwai wata yarinya a Birni, aka ɗauke mata yaro aka kai yaye. Aka ce kwana kaɗan ne. Ba ta da bakin tambaya, a ce ba ta da kunya. Ba ta da damar kuka, gida cike da surukai. To akwai dutsen niƙa a bayan ɗaki, mai niƙa kuwa ko ta yi waƙa, ko ta share ido, ba mai cewa don me. Sai ta riƙa niƙa. A ba ta na tuwon dare, ta niƙa har na gobe da na jibi. Uwar mijinta ta yi ta yabo, wai ba ta taɓa ganin yarinya mai son aiki irin wannan ba. Gari ya yi yawa a gidan nan har ana kai wa maƙwabta."

Ta yi 'yar dariya. Ni ban iya ba. Na sunkuyar da kai ina duban tsirkiyoyi, su ma sun zama biyu-biyu a idona.

Sannan ta buɗe baki ta yi waƙar, da muryar tsufa mai ɗan rawa, tana tura hannuwa gaba tana dawo da su a kan cinyarta:

"Tsuntsun tafki, in ka sauka Gidimuni,
Duba mini, mm mm mm, ko ya ci tuwo.
Kar ka ce ni na aike ka,
Ka ce hanya ce ta biyo da kai."

A layi na biyu, bayan "duba mini", takan rufe baki ta yi murya guda uku ta hanci, sannan ta ci gaba. Na ɗauka numfashi take ja, ko wata kalma ce ta ɓace mata. Da ta maimaita sai na ji ta sake yi a wuri ɗaya, iri ɗaya. Na ce bari in nemo su a jita, tunda nan ne gurbin da ta bari. Na kaɗa uku. Ta girgiza kai.

"Abin nan, ba haka ba. Na tsakiyan ya fi tsawo. Ja shi sama."

Abokina ya taɓa nuna mini yadda ake danne tsirkiya a tura ta sama da yatsa har muryar ta miƙe kamar mai kiran wani daga nesa. Ban taɓa iya shi da kyau ba, kullum sai ya fito kamar kukan mage. Na haɗa yatsu biyu na tura. Bai kai ba. Ta ce, "Ƙara." Na ƙara, tsirkiyar na yanka mini fata. Na farko gajere, na tsakiya dogo ya haura, na ƙarshe ya sauko.

Sai na ji shi. Mu da kalangu ke kiran mutum a taro ya waiwayo, ba sai an fassara mana ba. Sunana ne. Haka Inna ke jan sa in ta tsaya a bakin lambu tana nemana da magariba ta gabato. Shekara kusan hamsin sunan nan na cikin waƙarta, an bar masa wurinsa daidai tsawonsa, baki ne kawai ba ya buɗewa a kansa.

Ta ce, "Yauwa. Haka yake." Ta koma farkon waƙar, ni kuma na bi ta a hankali, ina faɗin kaɗan ina hutawa. Tsuntsu ya sauka Gidimuni. Ta ce "duba mini", ta rufe baki ta yi ukun nan. Ban san lokacin da na ɗauke hannu daga jitar ba.

Na ce, "Na'am, Hajiya."

Waƙar ta tsaya. Akuya ma ta ɗago kai. Hajiya ta jawo mayafinta ta rufe rabin fuska, kamar amaryar da aka kama tana leƙe, ta ɗauki gyaɗa guda ta yi ta juya ta a hannu ba ta fasa ba. Na ce shi ke nan, na ɓata, gobe sai mu koma aiken akuya.

Ta ce wa jitar, "Ni ba da shi nake ba."

Wannan karon na bar gurbin, ban cike shi ba.

Ta fasa gyaɗar, ta jefa ƙwayar a kwano. Sannan ta ja jikinta gefe, ta share ɓawon da ke kan tabarma da bayan hannu, har wuri ya samu kusa da ita.

Ta ce, "Amma tunda ya amsa, ya taso ya shigo inuwa. Tun ɗazu rana ke dukan ƙeyarsa, ina gani."